Fatar da Ba a Shanyawa a Rana

Zangonmu na farko a Jidda unguwar Nuzla ce, ɗaki ɗaya a hawa na uku na wani tsohon gini, bayan gida ɗaya ga iyali biyar. Da bizar umara muka shigo, ni da maigidana, wanda zan kira Malam a nan kamar yadda nake kiransa yana raye. Ranar da ayarinmu ya nufi filin jirgi, mu muka nufi wani wajen. Mun bar 'ya'ya biyu a Kano wurin mahaifiyata, mun ce shekara biyu za mu yi. A satin farko wani mutum mai farin kaya tas da Hausa mai daɗi ya karɓi fasfunanmu, ya ce zai fitar mana da iƙama, takardar da in ba ka da ita ba ka da asibiti, ba ka da inda za ka kai ƙara. Ba mu sake ganinsa ba. Da na faɗa wa maƙwabta, ba wadda ta yi mamaki. Wata ma cewa ta yi, "Mai giɓi ne? Ai ni ma shi ne."

Malam ya samu dako a kasuwar Bab Makka. Yana tura amalanken ƙarfe, yana sauke dilolin yadi daga mota zuwa shaguna. Ni kuma na kasa gyaɗa da tsamiya a gefen hanya. Ni 'yar majema ce. Mahaifina jima yake yi, mahaifiyata kuma 'yar dukawa ce, a hannunta na koyi ɗinkin fata. Ina yarinya ana tsokanata a makaranta cewa ina warin majema. A Jidda, garin da kowane lungu turare yake tashi, wannan warin na bagaruwa da toka da ɗanyar fata shi na fi kewa. Ban taɓa zaton haka ba.

A Bab Makka na haɗu da Khala Amna, wato Inna Amna da Larabci. Wata rana ma'aikatan hukumar gari suka zo kame, masu kasa kaya suka watse, na jefar da tirena na faɗa wani shagon mayafai. Wata dattijuwa mai jiki tana ciniki a ciki. Ta dube ni sau ɗaya, ta janyo ni, ta ɗora mini ledojinta a hannu, ta ci gaba da cinikinta. Da ma'aikacin ya leƙo, ta daka mini tsawa da Larabci kamar 'yarta, shi kuma ya wuce. Sai ta juyo ta ce da Hausa, "Rufe bakin, 'yar nan, ƙuda zai shiga. Mutuniyar ina ce ke?"

Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro Sakkwato a ƙasa za su hajji, suka yada zango a bakin kogin Nilu, ba su ƙarasa ba. Hausarta tsohuwa ce, tana faɗin kalmomin da rabona da jin su tun kakata na raye. Ta haura shekara ashirin tana aiki a wani babban gida a arewacin gari kusa da teku, kuma mutanen gidan ne kafilanta, wato a ƙarƙashinsu iƙamarta take. A unguwar Madain Fahd take zaune da 'yarta, wadda mijinta ya rasu, da jikoki mata uku. Duk ita ke riƙe da su.

Ita ta kai ni gidan. Uwar gidan, wadda kowa ke kira Madam, ba ta iya cewa Mairo ba, sai na koma Maryam. Wanki da guga aka ba ni. Madam a sama take wuni, ba ta cika saukowa ɓangarenmu ba, abin da Khala ta faɗa mata shi ne abin da ya faru a ƙasa. Na shekara biyu a nan, kuma ba zan ɓoye alheri ba: Khala ta riƙe ni kamar ƙanwa. Ita ta koya mini Larabcin kicin, ita ke zuba mini ragowar shinkafa da nama in kai wa Malam. Ni ma ina rufa mata asiri. Idonta ya fara rauni, ba ta so a sani. Ta taɓa zuba gishiri a madadin sukari, na zubar na sake wani kafin a kai sama. Ta taɓa fasa kofin gahawa na gado, na ce iska ce ta buga taga. Da rana in aiki ya lafa mukan zauna a bayan kicin muna ɓare tafarnuwa, tana ba ni labarin kogi, ni ina ba ta labarin majema: yadda Baba ke shimfiɗa ɗanyar fata a rana, ya kafe gefunanta da tsinke, yana cewa fata ba ta da maƙiyi kamar laima.

A cikin shekara ta biyu ƙaba ta fito wa Malam. Nauyin diloli ne. In ya ɗaga kaya sai ta kumburo, in ya kwanta ya danna sai ta koma. Ya yanki tsohon rawani yana ɗaure mararsa da shi kafin ya fita. Asibiti kuwa ba ya ko son a ambata.

"Ba takarda, Mairo. Ina shiga sai tarhil." Tarhil shi ne inda ake tara marasa takarda kafin a mayar da su gida.

"To haka za ka zauna?"

"Ai ba zaune nake ba, tura amalanke nake."

Haka yake, komai sai ya mayar da shi wasa.

Madam tana da ɗa, Dakta Faisal, likitan tiyata, mai kimanin shekara arba'in. Mutum ne mai shiru, yana gaisar da ma'aikata da sunansu. Kowace shekara in sanyi ya shigo yakan ɗauki hutu ya tafi ƙasashen duwatsu masu dusar ƙanƙara. Wata rana da hantsi ya shigo ɗakin wanki, abin da bai taɓa yi ba, riƙe da wasu abubuwa guda biyu a naɗe. Khala tana sama tana kai wa Madam gahawa. Ya tambaya ko akwai allura mai ƙarfi a gidan.

Ya warware ɗaya a kan teburin guga. Tsawonsa ya kusa tsayin mutum, faɗinsa kamar tafin hannu. Gefe ɗaya gajeren gashi ne mai launin lemo, ɗaya gefen gam ne mai kama hannu. Ya ce sunansa fata. Wani zoben waya da ke maƙale a bakinsa ya tsinke ya fita da ɗinkinsa gaba ɗaya, ya yanke wurin da ya yage, yanzu yana so ya mayar.

Hannuna ya riga bakina. Na shafa gashin, ya kwanta sumul. Na shafa shi baya, ya miƙe ya tokare mini yatsu. Na ce, "Nan ne kai, can ne wutsiya. Zoben a nan zai zauna."

Ya tsaya yana kallona. "Wa ya faɗa miki?"

"Akuya ce, Dakta. Gashin akuya daga wuya yake kwantawa zuwa wutsiya." Na murza bakin da ya yanke, na ce, "Amma wannan ba fata ba ce. Saƙa ce aka dasa mata gashi."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce gaskiya ne, gashin wata akuya ce mai dogon gashi, da can kuma fatar dabbar teku ake sawa, shi ya sa sunan ya zauna. Ya ciro waya ya nuna mini. Dutse fari fat, ba bishiya ba gida, mutane huɗu a jere, kowa da dogon katako biyu a ƙafa, suna hawa kamar masu jan silifa. Ya ce katakon santsi gare shi, don zamiya aka yi shi, ba ya hawa tudu. Sai a manna masa fatar nan a ƙasa, a maƙala zoben a hancinsa. In ka tura ƙafa gaba, gashin ya kwanta ya bar ka ka wuce. In nauyinka ya ja ka baya, gashin ya miƙe ya kama ƙanƙara ya riƙe ka. In an kai ƙololuwa sai a ɓare ta, a ninke, a cusa a ƙirji, a zamo ƙasa. Ya ce in zoben ya tsinke a tsakiyar hawa, nesa da gari, ba abin dariya ba ne.

Na ce ya bar mini zuwa gobe. Ina da basillar mahaifiyata, ita kaɗai na taho da ita daga kayan gida. Na murɗa zare uku, na shafe shi da kakin zuma, na huda na yi ɗinki mai allura biyu, irin wanda ake yi wa linzami, wanda ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Na sake ɗinke na ɗaya fatar ma, domin na ga ya fara sakewa.

Washegari ya maƙala zoben a marfin ƙofa ya ja da duk ƙarfinsa. Ya kawo ɗinkin kusa da ido ya daɗe yana dubawa. Ya ce yana da likitoci a ƙarƙashinsa da ba su kai ni daidaita tazara ba. Sannan ya ce daga yau ni ce mai kula da fatun, ya kuma yi mini bayani a hankali, yana maimaitawa don Larabcina. In sun jiƙe, a inuwa ake rataye su. Kada rana ta gan su, kada su kusanci zafi, domin gam ɗin narkewa yake. In sun bushe a ninke su gam na kallon gam, a sa a leda, a ajiye a ƙasan firji. Ya ce zafin Jidda ya taɓa kashe masa guda biyu.

A nan zan faɗi nawa laifin. Ban gaya wa Khala wannan bayani ba. Ba mantawa na yi ba. Shekara biyu komai na gidan ta hannunta yake biyowa, wannan ne abu ɗaya da yake nawa, sai na ji daɗin riƙe shi ni kaɗai.

Ganin fuskarsa a sake, na yi ƙarfin hali na faɗa masa ciwon Malam, har da maganar takarda. Bai ce komai a kan takardar ba. Ya ce in kawo shi ranar Juma'a bayan masallaci. A ɗakin direba da ke bakin ƙofa ya duba shi. Ya fito yana goge hannu ya ce aikin rabin awa ne. "Ɗinki ne kawai, Maryam, naki ya fi shi wuya." Ya ce wani abokinsa yana da ƙaramin asibiti, a can zai yi, ba wanda zai tambayi iƙama. Alhamis ta biyu bayan dawowarsa daga dutse, zai faɗa mini wurin in ya dawo. Ya ja wa Malam kunne: kada ya ɗaga nauyi, in kuma ta fito ta ƙi komawa ta yi tauri, a garzaya asibiti kowanne ne, kada a jira shi.

A motar komawa Nuzla Malam sai dariya yake.

"Wato mutumin nan jirgi yake hawa ya je ya goya jaka ya hau dutse? Da kuɗinsa?"

"Hutu ne a wurinsu."

"Ya zo Bab Makka mana, in ba shi hutun kyauta. Har amalanke zan ara masa." Ya ƙara da cewa, "To ke da kika fi likitoci, ki ɗauko basillar ki ɗinke ni mu huta."

Ya ajiye dako. Albashina muke ci, muna ƙirga kwanaki. Rabon da in ga yana cin abinci da marmari haka tun Kano.

Ranar da Dakta ya dawo ba na gidan. Da safe ciwon ya ɗan motsa wa Malam, na kira Khala, ta ce, "Zauna da mijinki, ƙanwata, Madam ba za ta sani ba." Ashe daga filin jirgi Dakta ya wuce wani taro a Riyad, direba ya kawo jakarsa gida. Khala ta buɗe ta tarar da fatun a jiƙe, a ninke, sun fara wari. Ta yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi. Ta ɓare su, ta hau rufin gida ta shimfiɗa su, gam na kallon sama, ta danne gefunan da duwatsu. Tun hantsi har la'asar.

Da na zo washegari, Madam na tarar a ɗakin wanki, tsaye, Khala na gefe. Fatun na kan teburin guga. Gam ɗin ya narke ya zama kamar alewar da aka manta a aljihu, ya kwashi yashi da gashin tattabara, ya dalalo har kan gashin.

"Wa ya yi wannan?"

Na dubi Khala. Ita bango take kallo. Da Larabci ta yi magana, a hankali, yadda zan ji kowace kalma.

"Maryam ce mai kula da su, Dakta da kansa ya ba ta. Babanta mai fata ne. A garinsu a rana suke shanyawa, ita da bakinta ta faɗa mini."

Na ce, "Madam, jiya ban zo ba."

Madam ta juya. "Ta zo jiya, Amna?"

"Ta zo."

Ba a daɗe ba. Madam ta ce ta rufe ido ta ɗauki marar takarda don Allah, ga sakayya, ɓarna da ƙarya. Ta ce in fita kafin ta ɗaga waya. Wanda ba shi da iƙama ba ya jayayya da mai waya a hannu. Na ɗauki mayafina.

Khala ta cim mini a ƙofar baya, tana haki. Ta kama hannuna da nata biyu.

"Ki rufa mini asiri, ƙanwata. Ta daɗe tana cewa na tsufa. Kuskure ɗaya take jira. Ke da sauran ƙarfinki, za ki samu wani gida. Ni in ta soke iƙamata, ina zan kai yaran nan?"

"Maganar Malam fa, Khala?"

"A wuyana. Dakta na dawowa ni zan yi masa magana. Wallahi a wuyana."

Na yarda. Kafin in kai Nuzla ma na fara nema mata uzuri. Na tuna shagon mayafai. Na tuna cewa da na faɗa mata maganar rana da ba a yi haka ba. Aiki na rasa, na ce, aiki kuwa ana samun wani.

Ba ni da lambar Dakta, ban san asibitin da yake aiki ba, ban taɓa tunanin zan buƙata ba. Khala nake kira. Ta ce bai dawo ba. Ta ce ya dawo amma ransa a ɓace, in bari ya huce. Alhamis ɗin ta zo ta wuce, Malam ya yi aski ya sa wankakkiyar riga ya wuni zaune a bakin katifa. A kira na biyar ta ce, "Na yi masa magana, ƙanwata. Ya ce halas, an gama, kada a sake kawo masa zancen." Na je gidan sau biyu. Maigadi ya hana ni shiga, ya ce umarnin Madam ne. Na biyun na tsaya a tsallaken titi tun safe ko zan ga motarsa, har wata motar 'yan sanda ta rage gudu a kusa da ni, sai na kama hanya.

Malam bai zagi kowa ba. Ya ce mutum ya yi niyyar alheri, Allah bai nufa ba. Ya ɗauko rawaninsa ya ɗaure mara ya koma Bab Makka, domin ba abin da ke shigowa ɗakin.

Sati biyar bayan korata, da azahar, abokan aikinsa suka kawo shi a riƙe. Ta fito ta ƙi komawa. Na tuna masa abin da Dakta ya ce. Ya ce a'a.

"Su ɗinke ni su ɗora ni a jirgi? In je wa yara da me, da tabo?"

Kwana biyu ina gasa masa da ruwan zafi, ina roƙonsa. A na uku ya fara amai kore, bai ƙara iya musu ba, maƙwabta suka sauko da shi daga bene a cikin bargo. Asibitin suka karɓe shi nan take, ba su tambayi takarda ba sai daga baya. Wannan ma yana cikin abin da nake juyawa a raina. Suka yi aikin, amma hanjin ya riga ya mutu. Wata likita ta tambaye ni me ya sa muka jira. Ban san ta ina zan fara ba.

Ya farfaɗo washegari na ɗan lokaci. Ya ga ina kuka, ya motsa yatsunsa na kama. Da ƙyar nake jin muryarsa.

"Ai na ce ki ɗinke ni."

Bayan la'asar ya cika. Dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga kafin a ba da gawa. Maza suka kai shi. Ban san inda kabarinsa yake ba.

Khala ta zo gaisuwa da tukunyar shinkafa a ka. Ta fi ni kuka. Ni na rungume ta ina ba ta haƙuri.

Da na fita takaba na je Bab Makka in miƙa amalanken Malam ga abokinsa. Ina tsaye a bakin shagon kayan ƙamshi sai na ji an ce, "Maryam?" Shafiƙ ne, direban gidan, mutumin Bangaladash, riƙe da ledar Madam. Kallona yake kamar ya ga wadda aka binne. Da guntun Larabcin da mu baƙi muke yi wa juna ya tambaye ni yaushe na dawo daga Nijeriya. Na ce ban je ko'ina ba.

Ya ajiye ledar a ƙasa. Ya ce kwana biyu bayan tafiyata Dakta ya dawo. Da ya ga fatun bai yi fushi ba, cewa ya yi laifinsa ne da bai bar saƙo ba. Ya shimfiɗa su a gareji, ya ɗora takardar buhu, ya bi da dutsen guga, tsohon gam ya bi takardar. Ya shafa sabo. Shafiƙ ne ya riƙe masa baki ɗaya. Tsakanin azahar da la'asar suka gama. Sannan ya ce wa mahaifiyarsa a kira Maryam ta dawo, ya kuma ce an riga an ware wa mijinta ɗakin tiyata ranar Alhamis. A gaban Shafiƙ ya tambayi Khala lambata. Ta ce an kama mu ni da Malam a Nuzla, muna tarhil, wayata a kashe. Bayan sati ya sake tambaya. Ta ce an ɗora mu a jirgi.

Ya tambaye ni jikin maigidana. Na faɗa masa. Ya ɗora hannu biyu a ka a tsakiyar kasuwa.

Ranar Juma'a da yamma na je Madain Fahd. 'Yarta ta yi mini shimfiɗa, ta kawo shayi, ta janye jikokin zuwa ɗaki. Khala ta fito tana laluben bango, idon ya ƙara tafiya. Na bar ta ta gama gaisuwa.

"Na ga Shafiƙ, Khala."

Ta zauna a inda take. Ba ta musa ba, wannan kam zan faɗa mata.

"Dakta ya san ba ke ba ce," ta ce. "Yana ganin fatun ya ce, Maryam ta san ba a kai su rana. Ya dube ni. In kin dawo zai tambaye ki, ke kuma ba ki iya ƙarya ba. Madam ta ji na yi rantsuwa a gabanta. In kina Jidda, ni ce mai tafiya."

"Sai kika tura mu Nijeriya."

"Na ce wata ɗaya, biyu, a manta, sannan in ce kun dawo. Malam ya shekara da ciwon nan yana yawonsa. Na ce wata biyu ba zai kashe shi ba."

"Sati biyar ya yi."

Ta rufe fuska da mayafi. Can ta ɗago ta ce, "Ke ma me ya sa ba ki faɗa mini ba a shanya su ba? Kalma ɗaya, Mairo. Muna zaune tare kullum."

Har yau wannan tambayar tana bina.

Ta ce in yafe mata don Allah, ta kusa kabari. Na ce haƙƙin ba nawa ba ne ni kaɗai, mai shi yana kwance a wata maƙabarta a garin nan, in ta gano wurin ta faɗa mini, ni ma ina da abin da zan roƙe shi. 'Yarta ta biyo ni har bakin titi tana tambayar me ya faru. Na dubi yarinyar, na tuna jikokin nan uku, na ce gaisuwar ban kwana na zo yi. Ban je gidan bakin teku ba. Da na je, da an kori Khala, Malam kuma yana nan inda yake.

Zangona na ƙarshe tarhil ne, da ƙafata na kai kaina. Yanzu ina Kano, a ɗakin mahaifiyata, ina ɗinka jakunkuna da basillar nan. Ƙanena ya gaji majemar Baba. In na wuce na ga ya shimfiɗa fatu a rana, nakan sauya hanya.

Akwai abu ɗaya da Shafiƙ ya faɗa mini wanda ban faɗa wa Khala ba. Ran nan a kasuwa, da zan tafi, ya tsayar da ni, yana so ya ba ni wani abu mai daɗi in tafi da shi, ba shi da komai sai wannan. Ya ce kafin sanyi ya ƙare Dakta ya sake komawa dutse da fatun, kwana tara yana hawa. Da ya dawo, a mota, ya ce masa sabon gam ɗin ya ɗan ba shi wahala, amma ɗinkin Maryam ko motsi bai yi ba.

Na san ba zai motsa ba. Zare uku na murɗa.